Ƙafiyar Da Ta Karye

Kanari ko sallama ba ta yi ba, ta tura ƙofar situdiyon ta ajiye wayarta a kan teburin na'urori da ƙarfi.

"Ka ba ni waƙoƙina duka, Injiniya. Yau na bar nan."

Ya zare abin sauraro daga kunnensa. Shekara biyu ke nan yana haɗa mata sauti, rabin waƙa da Hausa, rabi da Turanci, kuma tun da suka fara soyayya ba ta kiransa Injiniya sai in ranta ya ɓaci.

"Zauna mana, rabin raina. Me ya faru?"

"Tambayata ma kake yi?"

Abin da ya faru shi ne, da safe yarinyar da ke yi mata amshi ta turo mata muryar wata waƙa a waya, wai kuskuren tura saƙo ne. Kuskure dai irin na mai wayo. Kiɗan kuwa na Kanari ne, sabon da ta yi wata uku tana rainonsa, ga muryar mai amshi a kai tana zuba kalaman ƙauna da Hausa, har da wata 'yar dariya a ƙarshe.

Kishi ya hana ta karya kumallo. Ita da kunya ba ta taɓa barin ta ta ce "ina sonka" da Hausa a waƙa ba, sai ta ɓoye a baitin Turanci saboda Mama na saurare, yau ga wata ta faɗa masa ɓaro-ɓaro a kan kiɗanta.

"Mama ta ce mai zama da 'yan mata a ɗakin da sauti ba ya fita ba mijin aure ba ne. Na yi ta kare ka... ashe ni ce sakarya."

"Kanari, ni na rubuta baitin, amma..."

"Au, kai ma ka rubuta mata? Madalla."

"Kunna mu ji tare. Ni ban ma san ta ɗauka ba, takarda kawai na ba ta ta duba min ko zai hau kiɗan."

Ta haɗa wayar da lasifikokin situdiyon ta danna, don ta ƙure shi. Muryar ta cika ɗakin:

"Na wuni a zaune na kasa aiki,
ba abin da nake sai tunaninka.
Shiru ya yi yawa a cikin ɗaki,
duk ranar da ban ji muryarka..."

Sau goma ta saurara a gida, amma da kunnen mai kishi. Yanzu da ta fito ta manyan lasifika, sai kunnen mawaƙiya ya farka. Wani abu yana yi mata karo. Ta mayar da muryar baya.

Aiki... tunaninka. Ɗaki... muryarka.

Ta tsaya cak. Injiniya mutum ne da zai sa ta maimaita layi sau ashirin saboda ƙafiya ɗaya ta goce. Ko da wuƙa a wuyansa ba zai haɗa "aiki" da "tunaninka" ba.

"Ina takardar?" ta ce a hankali.

Ya jawo aljihun tebur ya miƙa mata, yana kallon ƙasa. Rubutunsa ne mai kama da tafiyar kaza. Tunaninki. Muryarki. A layin ƙarshe, wanda mai amshi ta tsallake, ya rubuta cewa iyayensa na neman izinin zuwa gidansu.

Harafi ɗaya yarinyar nan ta canza, ta mayar da saƙonsa nata.

Sanyi ya ratsa Kanari, kunya ta biyo baya, amma kishin bai gama sauka ba.

"To don me ka ba ta? Ni ba ni da ido ne?"

"So na yi in ya hau, ta rera min shi, ki ji shi a kammale ranar da za mu saki waƙar. Kin san muryata..."

"Na sani. Kamar ana jan kujera."

Ya yi dariya, ita ta ƙi yi. Ta zagaya ta zauna a kujerarsa, ta nuna masa ɗakin ɗaukar murya.

"Shiga."

"Ni? Haba, masoyiya..."

"Maganata ce, daga bakinka zan ji ta, ba daga bakin 'yar aike ba."

Ya shiga yana share gumi, ya tsaya gaban makirufo. Ta kunna kiɗan. Ya fara, ya kauce wa kiɗa tun a layin farko, amma kowane "ki" ya fito daram. Kanari ta riƙe baki, hawaye na zuba, ba ta dakatar da shi ba har ya kai layin iyayensa.

Ta danna maɓallin da ke kai magana kunnensa.

"Ka yi kuskure wajen tara," ta ce. "Ba za a gyara ko ɗaya ba, haka zan kai wa Mama."

Sannan ta faɗa da Hausa, karo na farko, a inda na'ura ke ɗauka.

"Ina sonka. Ka ce su zo."