Awon Ƙarshe na Malam Sanyi

Da sha biyun rana aka tsinci gawar Malam Sanyi a ɗakin awo na ƙasan bene, an fasa masa ƙeya da sifanar kwance tukwanen gas. Shi ke kula da na'urar auna maganaɗisu ta sashen kimiyya. Shekara goma sha tara yana cikin sanyin ɗakin nan har sunan ya bi shi.

Ɗalibar da ta fara ganin gawar ita aka kama. Sufeton da ke binciken bai so ba, amma shaidu sun ɗaure ta tamau. Kwamfuta ta nuna an fara awo da sunan marigayin ƙarfe sha ɗaya, mai gadi kuma ya rantse daga nan zuwa sha biyu ita kaɗai ta sauka. Mai kawo gas ya fita tun takwas, mutum uku sun gan shi. Farfesa, shugaban aikin, ya ce ya leƙa da tara ya bar shi lafiya, daga goma kuwa yana ɗakin taro gaban mutum talatin. Likita ya ce sanyin ɗakin ya hana shi yanke lokacin mutuwar.

A ƙofar caji ofis uwar ɗalibar na jijjiga jaririn 'yarta, yana ta kukan nono. Sufeto ya wuce su kansa a sunkuye, abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga ciki ya zauna gaban ɗalibar.

"Malama, me kuke aunawa ne?"

"Wasu ƙwayoyi ne kamar gishiri, Yallaɓai. Kowane dunƙule atom bakwai ne na sinadarin kobalt, iri biyu a haɗe. Huɗu sun saki lantarki bibbiyu, su ke amsa maganaɗisu. Uku sun saki uku-uku, su ko gezau."

"Ni kimiyyar sakandare ma da ƙyar na sha. Ina rigimar take?"

"Tun yana matashi Farfesa ya buga wa duniya cewa ƙwayoyin na riƙe maganaɗisu ko ba a sanyaya su ba. Da wannan ya yi suna. Shekara uku ina aunawa, ko kusa ban je ba. Ya ce hannuna ne ba albarka. Malam Sanyi ya auna, irin nawa ya samu. Ya ce ranar Litinin zai rubuta wa mujallar da ta buga aikin."

Sufeto ya tura mata takardar awon ƙarshe. Ta duba, ta sake dubawa.

"Wannan ai adadin Farfesa ne. Ban taɓa ganin na'urar ta ba da shi ba."

"Ana iya sa ta jira kafin ta fara?"

"Ko awa biyar."

"Da me kuke zuba ƙwayoyin?"

"Cokalin roba. Ɓurɓushin ƙarfen da ido bai gani ya isa ya ɓata awo."

Sufeto ya aika ƙwayoyin da ke cikin na'urar wani ɗakin gwaji. Kwana biyu sakamako ya dawo: akwai ƙarfe.

Ya sami Farfesa a ofishinsa, ya ajiye masa kwalbar ƙwayoyin.

"Ranka ya daɗe, a nuna wa jahili yadda ake ɗiba."

Farfesa mutum ne da ba ya ƙin koyarwa. Ya zaro wani siririn cokalin ƙarfe daga aljihun gaba, bakinsa ya cinye don tsufa. Na malaminsa ne, in ji shi. Ya kankari jikin kwalbar da ƙwarewa, ƙir, ƙir.

"Ya isa," in ji Sufeto. "Da tara ka kashe shi. Ka zuba ƙwayoyi, ka sa na'ura ta jira sha ɗaya don a ce yana raye kana taro. Shi da ɗalibarka ba sa kai ƙarfe kusa da awo. Hannu ɗaya ne a duniya ke ba da adadin nan."

"Hassada ce! So ya yi ya tozarta ni!"

"Bai yi maka ƙarya ba. Maganaɗisun da ka gano ba na kobalt ba ne. Cokalinka kake aunawa tun farko."

Farfesa ya zura wa abin da ke hannunsa ido. Sufeto ya ɗaga waya ya ce a saki ɗalibar yanzu-yanzu, a nemi gafararta, ko da yake ya san shekara ukun da ta ɓata babu mai dawo mata da su.

"A bar ni in auna sau ɗaya," in ji Farfesa, murya ƙasa-ƙasa. "Da na roba."

Sufeto ya ciro ankwa.

"An riga an auna, ranka ya daɗe. Mai awon muka binne shekaranjiya."