Sandar Awon Mai

Ni Azumi ban yi nisa a karatu ba, zan faɗi abin yadda na san shi. Mas'ud ƙanena ne, ni na goya shi a Karofi bayan rasuwar innarmu. Ya shiga soja, aka ba shi aikin mai a wani sansani kusa da Dutsin-Ma. Shi ke karɓar tanka, shi ke zuba wa motocin da ke bin 'yan bindiga cikin daji. Kowace safiya yakan tsoma doguwar sandar ƙarfe cikin tanki ya zaro, ogansa ya duba inda mai ya jiƙa. Aikin yana riƙe shi da matarsa Hassana da yara biyu, amma idonsa na kan 'yan bumburutu masu gina benaye.

Sai ya je wajen wani boka. Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, bayan komai ya lalace.

Kogo ne cikin duwatsu, gaba da Kurfi. Da tsakar rana ya shiga, amma ciki duhu. Akwai wata baƙar tukunya da aka binne har wuya, an ɗaure mata jan ƙyalle, ƙahonin awaki sun kewaye ta. Ƙudaje ba sa sauka a kanta.

Bokan ya ce, "Soja, bindiga ka kawo mini ko kwaɗayi?"

Mas'ud ya ajiye sandar awo a gabansa. "So nake in ɗebi mai in sayar, sanda ta nuna a cike."

"Abu mai sauƙi. Amma mutanena ba sa son ganin rami. Duk abin da ka ɗiba sai sun cike gurbinsa."

"Da me za su cike, Baba?"

"Ka taɓa tambayar tanka inda ta yi lodi?"

Mas'ud ya yi dariya ya ce ya yarda. Aka yanka baƙin bunsuru a bakin tukunya, aka tsoma sandar a ciki. Ya ce mini da aka zaro ta, a bushe ta fito.

Kuɗi suka zo. Ya sayi gida da mota, ya saya wa Hassana zinari. Ni ma ya aiko mini da atamfa, na mayar, don warin fetur take yi ko an wanke.

Hassana ce ta fara. Ƙishirwa. Takan shanye randa ta ce, "Yaya Azumi, kamar ban sha ba." Asibiti suka yi gwaji, ba su ga komai ba. Ta bushe kamar kara, muka binne ta kafin kaka. Babban yaron, Abdullatif, ya bi ta da irin wannan ciwo. Da muka ɗauki gawarsa, ba ta fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba.

Na ce masa, "Mas'ud, me ka shigo mana da shi?"

Ya ce, "Yaya, ƙaddara ce." Bai daina ɗiba ba.

Sai ranar da 'yan bindiga suka faɗa wa wani ƙauye. Sanda ta nuna tanki a cike, aka buɗe famfo, ko ɗigo bai fito ba. Motoci suka tsaya a sansani, mutanen ƙauyen suna ta kira a waya har suka daina. Aka kama shi, amma ba a daɗe ba aka sako mana shi, don ya haukace, ya fara lasar ƙasar da mai ya zuba a kanta. Na je kogon da kaina neman bokan. Babu kowa, sai ramin tukunya.

Yanzu yana ɗaure a ɗakin baya. Ba na kuka, hawayen ma sun ƙare. Ƙaramar 'yarsa Khadijat tana wurina, ita kaɗai ta rage. Muna ta addu'a, malamai suna yi mata tofi.

Duk wanda aka ba amanar kayan jama'a, ya ji tsoron Allah ya tsaya ga halalinsa. Boka ba ya ba da komai daga aljihunsa. Cikin gidanka zai sa hannu ya ɗebo, kuma ba kai za a fara ɗauka ba.

Jiya Khadijat ta dawo daga makaranta, ta shanye ruwa kwano guda, ta miƙo mini ta ce, "Gwaggo, ƙara mini."

Na ƙara mata.