Sandar da Ba Ta Faɗuwa

Tas! Ƙarar marin ta cika ɗakin taron masana lissafi na birnin Krakow.

"A gaban Babana, Leszek? Wata biyu kafin aurenmu?"

Dobrawa na huci, hannunta na raɗaɗi. Al'adar taron Farfesa Korda, mahaifinta, ita ce duk wanda ya ga kuskure ya tashi ya karɓe allin daga hannun mai bayani. Yau masoyinta ne ya karɓe nata!

Aikinta na shekaru ke kan allo. Sanda a tsaye kan amalanke mai tafiya: jingina ta nan ta faɗi dama, jingina ta can ta faɗi hagu, to dole a tsakani akwai tsayuwar da ba za ta faɗi ba.

"Zuciyata, saurare ni," in ji Leszek. "Kin bar iyakar lissafin a buɗe. In sandar ta taɓa ƙasa ta sake tasowa, hujjarki ta rushe..."

"Rufe mana baki, ɗan baƙin ciki!"

Zenon ne, ɗan lelen Farfesa, wanda tsohon ya so ya zama surukinsa. Ya yi tsalle ya kai wa Leszek naushi a hanci. Jini ya tsinke, kujeru suka kife, tabarau ɗin Leszek ya tarwatse.

Leszek ya miƙe yana layi, jini na ɗiga kan farar rigarsa.

"Zenon, rantse ba ka ga ramin nan da ke cikin hujjarta tun makon jiya ba! Jira kake a buga aikin, ka fito da gyaran da sunanka!"

Zenon ya kasa haɗa ido da kowa. Kai, ɗan banza!

Dobrawa ta dubi allon. Wallahi ramin na nan, ƙiri-ƙiri. Kunya da baƙin ciki suka turnuƙe ta. Ta fizgi sandar da take gwaji da ita ta sheme Zenon a kafaɗa, sai da ya durƙusa.

Ta juyo, ta danne hancin Leszek da gyalenta tana kuka.

"Me ya hana ka faɗa min a gida, wawa?"

"Yanzu na gani, rabin raina. In na yi shiru, wasu za su gani bayan an buga."

Farfesa ya dube su, sannan ya buga tebur.

"Ban tashi taro ba! Leszek, ɗana, share jinin nan ka taya matarka rufe iyakar."