Allunan Sha'aban

Ranar da Sha'aban ya fara ganin Hajar, aikin hannunsa take yi wa dariya.

Ta rako mahaifinta, Alhaji Lado mai shago a Dira, sarin tayil a kamfanin 'yan Cana da Sha'aban yake aiki, can Birnin Masana'antu na Biyu a Riyad, ƙasar Saudiyya. Ta tsaya gaban wani allon gargaɗi tana toshe baki da mayafi, sannan ta juyo ga Sha'aban.

"Malam, ka duba. Da Sinanci an ce a kula, ƙasa da santsi. Turancin kuwa 'Slip carefully', wai mutum ya zame amma a hankali. Wa ya fassara?"

Haifaffiyar Riyad ce, kuma Sinancin take karanta a jami'a. Sha'aban ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Wani ne, ya bar aiki," ya ce.

Alhali shi ne. Wata uku kacal ya taɓa yi a Guangzhou, amma da ya zo neman aiki ya ce wa mudir, wato manajan kamfanin, ya iya yaren. Alluna goma sha huɗu ya fassara, dukansu da manhajar fassara ta waya.

Hajar ta roƙe shi ya turo mata hotunan sauran don aikin makaranta, Alhaji ya yarda. Kullum sai ya tura ɗaya.

"Na yau cewa ya yi a buga kai a ƙofa cikin natsuwa," ta rubuto. "Allah ya shirya mai aikin nan. Ka ci abinci, Ɗan Cana?"

"Na ci, Malamata. Saƙonki nake jira tun safe."

Kafin hotunan su ƙare, so ya kama su.

Ranar da ya je gaisuwa gidansu a Al-Naseem, ya tarar da Abdulwahid, ɗalibin ilimi da shi ma yake neman ta. Ana cikin shan gahawa sai wani ɗan kasuwa ya kira Alhaji daga Cana.

"Yauwa, ga mai yaren. Karɓi ka ji me yake so," in ji Alhaji.

Sha'aban ya kara waya a kunne. Daga gaisuwa bai ƙara gane kalma ɗaya ba. Gumi ya wanke shi, Abdulwahid ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido.

"Ban iya ba, Baba," ya ce da ƙyar.

Alhaji ya karɓe wayarsa. "Rashin iyawa ba laifi ba ne. Amma ba zan ba maƙaryaci 'yata ba."

Kwana huɗu Sha'aban bai iya rubuta mata komai ba. Ita ta fara.

"Tun allo na uku na san kai ne, don ba ka taɓa taya ni dariya ba. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Washegari ya shiga ofishin mudir ya faɗi gaskiya, duk da ya san iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun kamfani take. Ba a kore shi ba, amma an raba shi da ofis, an mayar da shi wajen lodi. Da hannunsa ya cire allunan, abokan aiki na kallo.

Bayan wata biyu Alhaji ya zo sari, ya gan shi cikin rana da kwali a kafaɗa. Maulud, direban kamfanin, ya ba Alhaji labari.

"Wa ya tona ka?" Alhaji ya tambayi Sha'aban.

"Ni na kai kaina, Baba."

Alhaji ya ce, "Hajar ta ƙi kowa. Ka turo magabatanka."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Alhaji ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Na ba ka amana, Sha'aban. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Sha'aban ya kasa ɗago kai. Hajar ta ɗan matse yatsunsa, sannan suka amsa amin tare.