Sunan Da Baba Ya Saka A Wayarsa

"Baba, miƙo min wayar nan don Allah!"

"Ba zan bayar ba."

"Yanzu fa zan dawo maka da ita..."

"Na ce miki na riga na saka! Ko ganyen tabar da kike naɗewa ne ya toshe miki kunne?"

Yudelka ta dire masa farantin mangú, dakakkiyar agadar da yake karyawa da ita, har cokali ya yi tsalle. Gabanin lokacin guguwa ne ma'aikatan ceto suka zo unguwarsu a Tamboril, suka tara jama'a a harabar coci. Suka koya musu yadda ake ajiye sunan wanda za a kira a fuskar waya, ta yadda ko mutum ya faɗi bai san inda kansa yake ba, mai ceto zai gani ba sai an buɗe wayar ba. Tun daga ranar take bin tsohon nan ya saka sunanta. Mahaifin nata, Don Fello, yana da ciwon suga, yana kuma da taurin kai, wanda ya fi sugan wuyar magani.

"Sunan wa ka saka?"

"Na wanda na ga dama."

"Radamés ne ko? Ɗanka na New York, wanda sai Kirsimeti yake tuna yana da uba! In ka faɗi a titi, jirgi zai hawo ya zo ya ɗaga ka?"

Tsoho ya ci gaba da kurɓar kofinsa.

Abin ya ƙona mata rai. Ita ce mai girki, ita ce mai allura, ita ce ta binne farin cikinta saboda shi, amma sunan wani ne a wayar. Ta figi jakarta fuu. Sai dai a garin nan, ko da fushi ɗa ba ya fita bai roƙi albarka ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta juyo ba.

"Sa min albarka, Baba."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Hanyar masana'antar taba ta gindin mangwaron 'yan acaba ta bi. Kullum takan rantse ba za ta duba ba, kullum kuma sai idon ya ci amanarta. Yau ma yana nan, Amauri, zaune kan babur ɗinsa yana goge madubi. Ya rame. Ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri, zuciyarta kuwa ta yi zamanta a gindin bishiyar.

Bara ne ya zo gidansu neman aurenta da gogaggiyar riga, ya cire hula, ya rusuna gaban mahaifinta kamar yadda ɗa yake yi.

"Sa min albarka, Don Fello."

"Ban haifi ɗan acaba ba," in ji tsohon. "Babur ya cinye min mata, ba zai cinye min 'ya ba."

Gaskiya ne, a bayan acaba mahaifiyarta ta faɗi ranar wani ruwan sama, ba ta sake tashi ba. Wa zai yi gardama da wannan ciwon? Yudelka ta raka Amauri bakin titi tana kuka.

"Ka yi haƙuri, rabin raina... ba shi da kowa sai ni."

"Ni fa, Yudelka? Ni wa nake da shi?"

Ta goge lambarsa daga wayarta, ta zaci shi ke nan. Ashe abin da aka rubuta a zuciya yatsa ba ya goge shi.

A masana'anta, cikin akwatin ƙarfe ake kulle wayoyi tun daga bakin ƙofa. Ta zauna a teburinta tana shimfiɗa ganye tana naɗewa. Hannu yana aiki, tunani yana can wurin wanda yakan kama yatsun nan ya shinshina, ya ce ƙanshinsu ya fi turaren kanti. Kewarsa take yi, kewa mai nauyi, irin wadda ba a gaya wa kowa.

Da aka tashi cin abincin rana ta buɗe akwatin. Kira ne rututu, duk daga lamba ɗaya marar suna. Ba ta buƙatar suna. Ta danna kira.

"Yudelka, kar ki tsorata..."

"Amauri! Me ya faru?"

"Don Fello ne. Ya yanke jiki ya faɗi a wurin wasan domino. Ya farfaɗo, wallahi ya farfaɗo! Muna asibiti a Santiago."

"Kuna? Kai da wa?"

"Ki taho dai."

Ba ta san yadda ta isa ba. A barandar asibitin ta hango shi tsaye, hular kwano a hannu ɗaya, takalman mahaifinta a ɗaya hannun. Kafin ta yi magana, wata ma'aikaciyar ceto mai faffaɗan jiki ta tare ta.

"Ke ce 'yar? To ki gode wa yayanki. Muna kira ya ɗauka, ya gaya mana irin allurar da tsohon yake yi, ya ce mu duba suga tukuna. Kafin mu iso asibiti ma ya riga mu. Da mun tsaya lalube, da labari ya sha bamban."

"Yayana yana New York."

"Ikon Allah! To wannan fa?"

Matar ta zaro wayar Don Fello, ta taɓa wurin gaggawa a fuskarta, ta miƙa mata. A sama an rubuta ciwon suga. A ƙasa ga lambar nan da ta haddace, a gefenta kalma ɗaya tak: Ɗana.

Ta ɗago ta dubi Amauri.

"Kai ka saka?"

"Ni? Ni da ko gaisuwata ba ya amsawa? Kira kawai na ji, aka ce kai ne ɗan Don Fello? Bakina ya ce eh kafin kaina ya yi tunani."

"Allurar fa... ba ka manta ba?"

"Wa yake sayo miki ita a da? Babu abin da ya shafe ki da na manta, masoyiyata. Na yi ƙoƙari, ya gagara."

Ta toshe baki da tafin hannu, hawaye suka ɓalle.

Suka shiga tare. Tsohon yana kwance, an ɗaura masa ruwa, amma bakin yana nan da ƙarfinsa.

"Wa ya mutu kike kuka?"

"Baba, me ya sa ba ka gaya min ba?"

"In gaya miki ki yi min dariya?" Ya juya fuska bango. "Ranar nan a coci, yarinyar ceton ta ce in ba ta sunan wanda na tabbata zai zo da gudu. Na zauna na yi tunani. Ke wayarki tana kulle a akwati tun safe. Radamés teku ta raba mu. Sai wannan mai kunnen ƙashin, da na kora amma kullum sai ya bi ta ƙofar gidana ya rage gudu ya ɗaga min hannu. Lambarsa ga ta nan ɓaro-ɓaro a bayan rigarsa, na gan ta har na gaji. Ta ce a sa wane suna? Na ce..." Ya yi nuni da wayar. "Kin dai gani."

"Amma ka bar ni ina ta ƙuna!"

"Ina ganinki, 'yata. Kina zuba min abinci, ke ba kya ci. Tsoro ne ya riƙe ni. Da na faɗi yau, abin da ya zo min shi ne, in na tafi wa na bar miki? Gida ba kowa, sai tsohon haushin babur da na riƙe a raina."

Amauri ya ajiye takalman a gefen gado, ya ajiye hular kwanon. Ya rusuna a hankali, kamar mai tsoron a sake korarsa.

"Sa min albarka... Baba."

Don Fello ya daɗe yana kallon saurayin. Can ya ɗaga hannun da babu allura, ya ɗora a kansa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma ka ji da kyau: in ana ruwa, ba za ta hau bayanka ba!"

"Ko yayyafi ne, Baba, goya ta zan yi in taka da ƙafa."

Tana dariya tana kuka ta ciro wayarta, ta buɗe wurin gaggawa. Amauri ya matso kusa da ita.

"In karanto miki lambar?"

Ta girgiza kai. Kafin ya rufe baki, yatsunta sun gama rubutawa.