Hayaƙi a Gindin Bishiyar Nemesio

"Kashe wutar nan, Fermín!"

Casilda ta tsaya a bakin shinge, riƙe da furannin da za ta kai kabarin mijinta. Fermín na tsugune a gindin bishiyar da mijin nata, marigayi Nemesio, ya dasa, yana tura ɗanyen ganye cikin kaskon wuta.

"Masoyiyata, saurara..."

"Na ce ka kashe!"

Surukarta, Doña Eduviges, ce ta gindaya sharaɗin. A duwatsun Michoacán, an yi imani cewa su malam-buɗe-littafin da ke saukowa daga arewa gab da Ranar Matattu rayukan mamata ne suka leƙo gida. Tsohuwar ta ce in bana suka kwana a bishiyar ɗanta, to bai saki matarsa ba, babu zancen wani aure.

"Duk shekara a nan suke kwana!" in ji Fermín. "Ta sani sarai. So take ki tsufa kina niƙa mata masara."

"Sai ka kore shi da hayaƙi kamar sauro?"

"Ƙwari ne, Casilda. Ke ma kin sani."

"Wataƙila. Ita dai ɗanta take jira."

Ta cire furannin daga gwangwaninsu, ta juye ruwan a kan garwashin. Fermín ya miƙe, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Rana na faɗuwa su malam-buɗe-littafin suka iso. Ɗaya, goma, sannan ido ya daina ƙirgawa. Suka lulluɓe rassan, wani kan wani, har bishiyar ta rusuna, ta koma ruwan lemo.

Casilda ta shiga ƙarƙashinta, ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa. Ba ta yi kuka ba.

Doña Eduviges ta fito tana dogara sanda.

"Kin gani, 'yar nan? Ya zo."

"Ya zo, Mama. Na kuma faɗa masa da bakina zan auri Fermín."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi rassan.

"Me ya ce?"

"Shiru."

"Haka yake... Ko yana raye sai an ciro magana daga bakinsa da ƙugiya." Ta goge ido da gefen mayafi, ta juya ga Fermín. "Kai kuma, mai warin hayaƙi, na yarda, amma ba don halinka ba. Ɗauki furannin nan, ka wuce gaba. Kai ma sai ka gaishe shi."

Bayan Kirsimeti aka ɗaura auren.