Sawun Wuta a Gindin Buta

Ranar da ta fara shigowa shagonsa na gyaran kayan lantarki kansa na sunkuye cikin wata fanka da ta ƙi juyawa, don haka butar ya fara gani kafin ya ga mai ita. Butar lantarki ce ta ƙarfe, irin wadda babu igiyar wuta a jikinta, sai dai a ɗora ta a kan faifanta a danna makunni.

Da ya ɗago ido sai sukudireba ta suɓuce masa.

Injiniya kowa yake ce masa a layin, duk da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Da tsokana sunan ya fara, amma aikinsa ya sa ya zauna daram. Mutum ne da ya yarda da hannunsa, kuma bai saba wani abu ya faɗi daga cikinsa ba.

Ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ce butar ta daina kashe kanta, in ta tafasa sai ta yi ta tafasa kamar mai fushi da mutanen gidan. Da ita take haɗa wa mahaifinta shayi kullum kafin ta wuce kantin maganin da take aiki. Ko dai ta haƙura ta sayi sabuwa?

Ya leƙa ciki ya ga farin dattin ruwa ya toshe 'yar hanyar da tururi yake bi ya taɓa makunni. Ya ce ta ajiye kuɗinta, irin wannan buta tana shekaru in aka kiyaye mata abu uku: kada a kunna ta babu ruwa, kada a jiƙa gindinta, a kuma riƙa rufe murfin da kyau. Aikin minti goma ne da ruwan lemun tsami. Amma sai ya ji bakinsa ya ce ta dawo gobe, ta bar lambarta don ya sanar da ita.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Sallama, Mai Buta. Marar lafiyarki ta warke, yanzu da ta tafasa take yin shiru. Sai dai likita ya ce a riƙa kawo ta dubawa duk sati."

Bai ajiye wayar ba amsa ta shigo: "Sannu da aiki, Likita. Anya butar ce ke son ganin likita, ko likitan ne ke son ganin mai jinya?"

Ya karanta ya fi sau goma, fankar mutane kuwa ranar ba ta juya ba.

Auta ake kiranta a gida. Mahaifiyarta ta rasu, yayyenta sun yi aure sun yi nisa, saura ita da Baba. Kafin wata uku ta san kowace kusurwa ta shagon nan, shi kuma ya san lokacin tashinta daga aiki fiye da agogon kantinsu. Ya so ta so na gaske, bai kuma ɓoye ba. Ita ma da ya tambaye ta ba ta ja masa rai ba, sai dai ta ce akwai dutse a gaba, kuma sunan dutsen Baba.

Baba tsohon direba ne, shekara talatin yana jan babbar mota. A cikin shekarun nan babu irin wulaƙancin da bai sha ba a hannun masu gyara, har ya yanke hukuncin da ba ya ɗaukaka ƙara: mai gyara yakan ɗaure ɗaya ya kwance biyu don ka dawo. Ranar da Injiniya ya je gaishe shi, ya durƙusa har ƙasa, Baba ya amsa a daƙile yana kallon gefen da ba nan yake ba. Da aka faɗa masa sana'ar baƙon sai ya ce Allah ya ba da sa'a, amma shi bai haifi 'yar da zai ba mai kwance-kwance ba.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ji daɗin wannan magana, domin tana da nata ɗan takarar. Manajan kantin da Auta ke aiki ne, mai mota da turare, wanda in ya zo gaisuwa sai ya cika falo da leda.

Injiniya bai karaya ba. Ya rubuta mata: "Autar Baba, kada ki damu. Na saba da abin da aka ce ba ya gyaruwa. Haƙuri ne jarina."

Ta amsa: "To Likitana, Allah ya bar mana kai. Amma ka sani Baba ba fanka ba ne."

Ana cikin haka abin ya faru. Wata safiya aka kira Auta aiki da wuri, ta fita ba ta haɗa shayi ba. Kafin hantsi maƙwabta suka ga hayaƙi na fita ta tagar gidan. Da suka shiga suka tarar da Baba tsaye yana tari, yatsunsa biyu sun ƙone, butar tana zaune a kan faifanta, robar gindinta ta narke tana wari. Aka tambaye shi yadda aka yi, ya kau da kai. Gwaggo ta amsa a madadinsa, ta ce ai ga aikin masu gyara nan kowa ya gani.

Da azahar Auta ta shigo shago, idanunta jawur. Ta dire butar a gaban mutum uku da ke jiran kayansu.

"Ka ce min ta warke," in ji ta. "Saura ƙiris in rasa mahaifina saboda na yarda da kai."

Ya ɗauki butar ya kifa ta. Idon mai sana'a ba ya buƙatar dogon bincike. A cikin narkakkiyar robar ga sawu huɗu a jere, irin na ƙarafan da tukunya ke zama a kansu a murhun gas, ga baƙin hayaƙi ya lashi gefen ƙarfen daga waje. Ya duba faifan, ƙalau yake, ko ɗigon ƙuna babu a inda wuta ke shiga. Wutar lantarki ba ta yi wannan aiki ba. Ɗora ta aka yi a kan murhu, da ta kama aka sauke a gigice aka mai da ita mazauninta.

Nan take ya tuna yadda Baba ya amsa gaisuwarsa yana kallon wani gefen. Ashe ba wulaƙanci ba ne kaɗai, idanun tsohon ne suke tafiya, yana ɓoyewa. Ya laluba ya ji buta ta ƙarfe babu igiya, hannun da ya shekara sittin yana ɗora buta a wuta ya yi abin da ya saba.

Kalma ɗaya za ta wanke shi. Ya juya mata gindin butar kawai, a gaban mutanen nan, sunansa ya fita fes. Amma kafin la'asar duk layin zai ji cewa tsohon direba ya dafa butar lantarki a kan gas, kuma irin wannan labari ba ya mutuwa, har jikoki sai sun ji.

Ya mai da butar ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Ya tambaye ta jikin Baba, ta ce da sauƙi.

"Laifina ne," ya ce. "Akwai abin da ya kamata in yi ban yi ba. Ki yi haƙuri."

Ta tsaya tana jiran ya kare kansa, da ta ga ba zai yi ba ta juya ta fita. Biyu daga cikin masu jiran nan suka ɗauki kayansu ba a gyara ba suka bi bayanta.

Kwana tara bai ji daga gare ta ba. Ya yi kewarta har abinci ya daina masa daɗi, aiki kuma ya ja baya, don magana ta zaga. Ya samu labari Manaja ya kai gidan sabuwar buta ta gilashi mai tsada, wadda ake shafa wasu 'yan fitilu a jikinta a zaɓi zafin da ake so. Gwaggo ta ɗora ta a kan kabad tana nuna wa baƙi. Injiniya da ya ji haka murmushi ya yi, don ya san wanda ba ya ganin fuskar mutum ba zai ga 'yan fitilu ba.

A rana ta goma, da hantsi, lokacin da ya san Auta na wurin aiki, ya rufe shago ya tafi gidan da kwali a hannu. Baba na zaune a falo shi kaɗai, kofinsa a gefe babu komai a ciki. Injiniya ya gaishe shi, ya yi masa ya jiki, sannan ya nemi izini ya yi ɗan aiki.

Buta ce sabuwa, mai makunni ɗaya tal, babba, wanda yatsa ba ya ɓata. Ya ɗaure faifanta da kusoshi a kan ƙaramin teburin da ke dama da kujerar Baba, nesa da kicin, ya bi da igiyar ta jikin bango inda ƙafa ba za ta harɗe ta ba. A mariƙinta ya naɗa zare mai kaushi. Sai ya ce Baba ya kawo hannu.

Tsohon ya miƙa. Injiniya ya ɗora masa yatsu a kan zaren, ya ce duk butar da ya ji wannan kaushi a hannunta, wutarta a cikinta take, ba ta son wata a ƙarƙashinta. Ya nuna masa yadda ake zuba kofi biyu na ruwa, a rufe murfi har ya ce ƙas, a zaunar da ita, a danna. Suka kasa kunne. Ruwa ya fara kuka, ya tafasa, makunnin ya ɗaga da kansa.

Sau uku suka yi. A na huɗu Baba ya ture hannunsa ya yi shi kaɗai, ya zuba a kofi ko ɗigo bai zubar ba.

Yana riƙe da kofin ya juyo wajen Injiniya. "Ka duba gindin waccan butar?"

"Na duba, Baba."

"Ka faɗa mata?"

"A'a."

"An ce mutane sun janye maka aiki. Ita ma ta daina kula ka. Me ya hana ka faɗa?"

"Ba maganata ba ce, Baba. Taku ce."

Baba ya kurɓi ruwan zafin nan haka, babu ganye babu sukari. Ya ce sabo turken wawa, shi ne ya ɗaure shi. Sannan ya ce ya tashi ya koma shagonsa, kada ya rasa sauran masu zuwa.

Da yamma, yana haɗa kayan aiki, saƙo ya shigo: "Likitana, Baba ya tara mu ni da Gwaggo ya faɗi komai, har maganar idonsa da ya shekara yana ɓoye min don kada in ƙi aure saboda shi. Na yi kuka har na gaji. Na ci mutuncinka a gaban mutane kai kuma kana rufa wa mahaifina asiri. Da wane ido zan kalle ka?"

Ya amsa: "Da waɗannan dai da suka sa na yar da sukudireba. Ki share hawayenki, Autar Baba. Gobe mu kai shi asibitin ido."

Washegari ta riga shi zuwa shago. Ta jira sai da mutane suka taru, ta ce a gabansu ta zarge shi, don haka a gabansu za ta janye: gyaransa lafiya lau yake, kuskuren daga gidansu ne. Ba ta ƙara ko kalma a kai ba, shi ma bai bari an tambaya ba.

Likitan ido ya ce yanar ido ce, kuma ana cirewa. Aka yi wa ido ɗaya aiki ya buɗe. Ranar da aka kwance bandeji Baba ya ƙare wa Injiniya kallo daga sama har ƙasa, ya ce ashe ma yaron ba shi da muni, a murya ya ɗauka gajere ne. Gwaggo ta yi 'yan gunaguninta na kwana biyu, ta mai da wa Manaja butarsa cikin kwalinta, daga baya kuma ta fi kowa rawar ƙafa a shirin biki, har tana cewa ita dama tun farko ta ga alamun kirki a tare da shi.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Suka kama gida a bayan layin Baba, tafiyar minti biyar. Da za a tafi da amarya aka kawo su gaban Baba su biyu, Auta tana kuka a cikin mayafi, ango a durƙushe. Aka zaci zai yi doguwar nasiha irin ta tsofaffi. Sai ya kamo hannunta ya sa a na mijinta, ya haɗa ya riƙe da nasa mai tabon ƙuna.

"Shekara talatin ina cewa babu mai gyaran da zan ba amanar ko tayar mota," in ji shi. "Yau ga abin da na fi so a duniya na ba ka, kuma hankalina kwance yake. Ka riƙe ta yadda ka riƙe mutuncina ranar da ba ni da mai riƙe min."

Injiniya ya ƙara sunkuyar da kai. Auta ta matse masa yatsu a ƙarƙashin hannun Baba.

Allah ya sa albarka a wannan gida, ya ba su zuri'a mai jin ƙai, ya rufa musu asiri duniya da lahira.